Yaya da Tarago na Bakwai

Yayata ta shekara talatin da ɗaya tana share jirgin ƙasa, amma ba ta taɓa zama a kujerarsa yana tafiya ba. Jirgin kan iso da la'asar, fasinja su watse, a ja shi bayan tasha inda ake wanki, ita da abokan aikinta su hau da bokiti da tsintsiya. Washegari da safe ya juya ya koma inda ya fito, wani babban birni a ƙasar da ke bayan iyaka, inda dogo ya ƙare. Kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can. Tarago na bakwai ne rabonta, har mutanen tasha suka daina kiranta da komai sai Ta Bakwai.

Ta san birnin nan sarai, amma daga shararsa. Ta san takardar da suke naɗe burodi da ita, ta san murfin kwalbar ruwansu, ta san jaridarsu da ba ta iya karantawa. Abin da ba ta zubarwa shi ne wani ɗan tikiti mai hoton doguwar hasumiya da agogo a samanta. Masu yawon buɗe ido ke yar da shi a ƙarƙashin kujera. Wani shuɗi ne, wani rawaya. Ta tara su cikin gwangwanin madara har murfin ya daina rufuwa.

Akwai kuma rigimar labule. Kowace taga tana da labulenta, ashirin da huɗu a taragon. In Yaya ta goge gilashi, sai ta murɗa labulen sau biyu ta ƙulle shi tamau, don kada iska ta riƙa kaɗa shi. In jirgin ya dawo, sai ta tarar an kwance duka, an ninke kowanne an cusa a bayan ƙarfen taga. Ta sake ƙullewa. A sake kwancewa. Shekara goma sha tara ana haka, ƙulli ko ɗaya bai taɓa dawowa ba. Ba ta san ko namiji ne ko mace ke share taragon a can ba, amma ta raɗa masa suna Kafaffe.

"Kafaffe ya sake," in ji ta, in ta dawo gida tana wanke ƙafa. "Wallahi ko ni ko shi."

Mijinta ya rasu tun 'ya'yan suna ƙanana, da tsintsiyar nan ta raine su. Ni ce ƙanwarta, ni aka bari na yi sakandare, don haka duk takardar da ta shigo rayuwarta ni ke karantawa. Da ta yi ritaya ta ci gaba da zama a ɗakinta na haya kusa da tasha. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, gado, kabad, risho, da taga mai kallon dogo. In jirgi ya wuce kofuna na rawa a kan kanta. Ta ce in ba su yi rawa ba ba ta iya barci.

Wata takwas da ritaya ta zame a banɗaki ta bugu a gwiwa. Ba karaya, kumburi ne kawai. Amma babban ɗanta, wanda muke kira Akawu saboda aikinsa, ya samu abin da yake nema. Ya zo ranar Asabar ya zauna a kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, alamar magana mai tsawo.

"Umma, na gyara miki ɗaki a gidana. Da fanka, da banɗaki a ciki. Ƙarshen wata za a zo a kwashe kaya."

"Kayan wa?"

"Naki mana, Umma. Zaman kaɗaici ya ƙare. Yau banɗaki ne, gobe Allah kaɗai ya sani. Ko asibiti ba kya iya zuwa sai an raka ki."

"Ni na ce a raka ni? Kai ka turo mota."

"To Inna, ki sa baki," ya ce da ni.

Na sa baki, kuma a bayansa na tsaya. Na ce shekara sittin da bakwai ba wasa ba ce. Yaya ta dube ni kamar ta ga abin da fasinja ya bari a ƙarƙashin kujera.

"Ke 'yar boko, yi shiru. Kai kuma saurara. Zan hau jirgin nan ni kaɗai, in je ƙarshen dogo, in ga hasumiyar nan da idona, in dawo. In har sai da aka je aka ɗauko ni, ga makulli, ka kwashe ni kamar buhu. In na dawo da ƙafata, kada in ƙara jin zancen ɗaki mai fanka har in mutu."

"Umma, ƙasar waje ce fa. Ba kya jin yarensu."

"Shara nake ji. Na yarda, ka yarda?"

Ya yi dariya ya yarda, don ya ɗauka fasfo kaɗai zai gajiyar da ita. Bai gajiyar da ita ba. Sau huɗu muka je ofishin, ni na cike takardu, ita ta yi layi. Ranar Litinin ɗin da za ta tafi ta kulle ɗakinta ta miƙo mini makulli.

"Jirgin Alhamis zan biyo. Wanda ya ci, ki ba shi. Kada ki yi son kai."

Na ce ko in bi ta. Ta ce in ta so sanda za ta saya a kasuwa.

Abin da ya faru daga nan daga bakinta na ji shi, kuma Yaya ba ta ƙara gishiri a magana.

Tikitinta na tarago na huɗu ne. Ta je wurin mai duba tikiti, wanda ta sani tun yana sabon ɗauka, ta ce ya mayar da ita na bakwai ko jirgin nan ba ya tashi. Ya mayar. Ta zauna a kujera ta goma sha ɗaya, wadda ta san ba ta lotsa ba. Ta ce da jirgin ya motsa sai da ta riƙe hannun kujera, don duk saninta da taragon, ba ta san yana da murya ba. Ƙofar banɗaki na kuka, ƙarfen kaya na kaɗawa, ƙasa na rawa. Ta ga bayan gari, ta ga gonaki, ta ga wata gada da jirgin ya ratsa a hankali kamar mai taka ƙwai. Ta kuma ga yadda shara ke samuwa, abin da ba ta taɓa gani ba. Wani mutum mai babbar riga ya ɓare ƙwai ya tura ɓawon ƙarƙashin kujera da diddige.

"Ashe kai ne," ta ce da shi.

"Ni ne wa, Baba?"

"Shekara talatin ina nemanka. Sunkuya ka kwashe."

Ya kwashe.

A kan iyaka aka tsaya awa biyu. Wani jami'i ya juya fasfonta ya tambaye ta abin da za ta je yi. Ta buɗe jaka ta nuna masa tikiti mai hoton hasumiya. Ya duba, ya dube ta, ya buga hatimi. Daga nan ta kashe wayarta ta tura ta ƙasan jaka, don tun safe Akawu ya kira sau tara.

Da la'asar jirgi ya shiga babbar tasha mai rufin gilashi. Kowa ya tashi yana jan kaya. Yaya ba ta tashi ba. A ganinta mai hankali ba ya shiga turmutsutsu, kuma duk rayuwarta sai tarago ya zama wayam take miƙewa. Da ya zama wayam ta miƙe, ta ɗauki jaka, sai idonta ya faɗa kan wata kwalba a ƙarƙashin kujera. Ta sunkuya ta ɗauka. Ta ga wata. Ta ce ba ta san lokacin da ta kai ƙarshen taragon ba, hannu cike da kwalabe. Sai ta ji ƙofofi sun rufe, jirgi ya ja da baya.

Wani zai yi ihu. Ita ta san inda ake kai jirgi in ya sauke mutane. Ta koma kujera ta goma sha ɗaya ta zauna.

Abin da ba ta sani ba shi ne Akawu ya yi mata dabara. Ya samu wani mai masauki a birnin ta hanyar abokinsa, ya tura masa hotonta, ya ce ya tare ta a tasha ya riƙe ta har Alhamis. Mutumin ya tsaya har dandamali ya zama fayau, sannan ya kira ya ce tsohuwa ba ta sauko ba. Kafin magariba Akawu yana ƙofata, ba hula.

"Inna, Umma ta ɓace. Wayarta a kashe."

"Wa ya gaya maka?"

Dole ya faɗi abin da ya ƙulla. Na ce ashe ha'inci ya shirya. Ya ce ba lokacin wannan ba ne, jirgin Laraba zai bi. Ban hana shi ba.

A can kuwa jirgi ya tsaya a wurin wanki. Yaya ta ce komai iri ɗaya ne da namu, har warin. Ƙofa ta buɗe, wata gajeriyar mata mai furfura ta hau da bokiti. Ta ga mutum zaune, ta saki baki, ta fara surfa faɗa da yarensu tana nuna ƙofa. Yaya ta bar ta ta gama. Matar ta gaji, ta ajiye bokiti, ta juya kan labulen farko, wanda magajiyar Yaya a wurin aiki ta ƙulle kamar yadda aka koya mata. Ta kai bakinta ta kama ƙullin da haƙori tana ja.

Nan Yaya ta ga hannunta na dama. Yatsu biyu ne kawai a jiki, babba da ƙarami. Sauran an daɗe da rabuwa da su.

Matar ta kwance, ta karkaɗe, ta ninke, ta cusa a bayan ƙarfe. Yaya ta tashi ta zare labulen, ta murɗa sau biyu, ta ƙulle tamau. Ta nuna ƙirjinta. Ta ɗaga yatsu bakwai.

Ta ce matar ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta ɗaga tsumman hannunta ta maka wa Yaya a kafaɗa. Ta buɗe baki ta nuna haƙorinta na gaba da ya gutsure, ta nuna ƙullin, ta sake maka mata. Tana faɗa tana dariya har ta zauna a kujera. Ta leƙa taga ta ƙwala wa sauran masu shara kira, suka hau su biyar suna kallon Yaya kamar an kamo kura.

"Kin ba ta haƙuri?" na tambaye ta daga baya.

"Da wane yare? Kuma ai da ta faɗa."

Amma sauran labule ashirin da uku Yaya ce ta kwance su ranar. Na farkon nan Kafaffe ta hana a taɓa. Suka share taragon tare, suka sha shayi a ɗakin ajiye bokitai. Yaya ta fito da tikiti mai hasumiya. Kafaffe ta ɗauki allin da suke sa wa tarago alama, ta rubuta 14 a jikin jakar Yaya, ta yi ƙarar bas da baki. Ta raka ta ƙofar ma'aikata ta nuna mata wani gidan saukar baƙi a tsallaken titi, inda direbobin jirgi ke kwana. Yaya ta tsallaka ita kaɗai.

Ranar Talata da la'asar jirgi ya dawo mana. Ina zaune ina jujjuya makulli sai ga magajiyar Yaya da rigar aiki, tana haki.

"Inna, taso ki gani. Ƙulli ya dawo."

Na bi ta har bayan tasha, na hau taragon da ƙyar. Labule ashirin da uku a ninke. Na farko a ƙulle, murɗi biyu, tamau.

"Ba naki ba ne?"

"Nawa murɗi ɗaya ne, ban taɓa iya na biyun ba. Wannan hannun Ta Bakwai ne. Kuma sai an gama shara ake barin labule haka. A wurin wanki ta ɗaura shi."

Laraba da safe na riga Akawu zuwa tasha. Ya zo da jaka da fasfo. Na kai shi tarago na bakwai na nuna masa, don na ce da magajiyar kada ta taɓa.

"Inna, labule ne fa. Labule za ki nuna mini?"

"Ummanka ta isa, ta ci abinci, har ta samu abokin faɗa. Sauka."

"In wani abu ya same ta bayan nan fa?"

"In ta mutu, zuwanka ba zai tashe ta ba. In tana da rai, zuwanka ne zai karya ta. Ka riga ka yi ha'inci sau ɗaya. Sauka, ɗan nan."

Ya tsaya har aka busa usur. Sannan ya sauko. Bai yi mini magana ba har washegari.

Ita kuwa Yaya, ranar Talata ta yi ta yawo a ƙafa, tana riƙe da hanyar tasha a ka. Ta ga kogi da jiragen ruwa masu ɗaukar 'yan kallo. Ta ga wani ƙaton mutum na tagulla a kan doki, tattabaru sun yi masa fari fat a ka, ta ce duk girmansa ba mai wanke shi. Ta shiga wani gida da ake ajiye kayan mutanen da, tukwane da takubba cikin gilashi. Na tambaye ta me ya fi burge ta. Ta ce daɓen. Ta bi mai gogewa ɗaki uku tana kallon irin tsummansa. Titunansu tas, in ji ta, amma ta shafa ƙarƙashin benci ta samu ƙura. Ta ɓata sau biyu. Duk sau biyun ta tsaya ta saurara har ta ji kukan jirgi, ta bi shi.

Ranar Laraba ta hau bas mai lamba goma sha huɗu. Da ta hango agogon ta buga wa direba ƙarfe ya tsaya. Hasumiyar ba ta kai yadda take a hoto ba, kuma gefe ɗaya an kafa mata katakan gyara. A wurin sayen tikiti ta ciro rawaya daga cikin nata, don su suka fi yawa a gwangwani, ta nuna. Mai sayarwa ta dubi furfurarta, ta ɗaga shuɗi tana magana. Yaya ta girgiza kai ta buga rawayan a kan tebur. Aka ba ta.

Sai da ta shiga ta gane bambancin. Masu shuɗi suna shiga akwatin nan da ke ɗaga mutane sama. Masu rawaya matakala.

"Me ya hana ki koma ki canza?"

"In koma in ce na yi kuskure? A gaban yarinyar nan?"

Matakala ɗari biyu da goma sha biyu. Ta ƙirga. Duk ashirin ta zauna ta shafa gwiwa, matasa na wuce ta suna tafa mata, tana zaginsu da yaren da ba sa ji. Ta fi awa kafin ta kai. A sama iska ta kusa cire mata ɗankwali. Mutane na nuna fada, suna nuna gada. Ita ta zagaya har ta samo dogo, ta bi shi da ido zuwa tasha, zuwa bayan tasha. Tana tsaye jirginmu ya shigo, ƙarami kamar zare. Ta ƙirga taragai har na bakwai. Ta ce ta tsaya nan har aka ja shi wurin wanki, sannan ta fara sauka, kuma saukar ta fi hawan azaba.

Alhamis da la'asar muna kan dandamali, ni da Akawu. Fasinja suka sauko suka ƙare. Akawu ya fara zufa. Na ce ya jira. Can sai ga ta a ƙofar na bakwai, ita ce ta ƙarshe, tana ɗingishi, jaka a ka da 14 a jiki. Ya ruga zai kama ta.

"Kada ka taɓa ni sai na taka ƙasa."

Ta sauko mataki ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya.

"To, yanzu karɓi jakar."

"Umma, kin ɓace fa. Kwana uku ba wanda ya san inda kike."

"Ni na sani. Wa ya ɗauko ni?"

"Amma ai an taimake ki. Inna ta ce..."

"Tambayar hanya daban, goyo daban. Kai da ka aika a tare ni kamar akuya, ka ɗauka ba za a gaya mini ba? Mai duba tikiti ya ba ni labari a hanyar dawowa, tun daga iyaka." Ta juyo gare ni. "Ke 'yar boko, wa ya ci?"

Na ba ta makulli. Akawu ya dubi gwiwarta da ta kumbura kamar ƙwarya. Daga baya ya roƙi a bar shi ya sa mata ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ta ce ya sa, amma ranar da ba ta nan, kada ya cika ta da surutu.

Na ce mata ƙullin nan ne ya hana shi binta, ta yi dabara. Ta ce ba don mu ta ɗaura ba, ba ta ma tuna da mu ba.

Kafin mu bar tashar ta sa aka kira mata magajiyarta.

"Daga yau kada ki ƙara ƙulle labulen nan. Ninke ki cusa a bayan ƙarfe."

"Ke fa kika ce ƙulli ne daidai, Ta Bakwai."

"Har gobe shi ne daidai. Na farko kaɗai za ki riƙa ƙullewa, shi ma sako-sako. Kada Kafaffe ta ɗauka ta ci."

Tana nan a ɗakinta yanzu, shekara huɗu ke nan. Gwiwar ba ta koma daidai ba, kuma ba ta taɓa cewa hasumiya ce ta jawo ba. Gwangwanin madarar ta ba jikokinta suna wasa da tikitin. Guda ɗaya ta cire, rawaya, wanda aka huda mata a ƙofar hasumiya. Yana maƙale a bayan ƙarfen tagarta, inda take ninke labule ta cusa.